Da Wane Baki Tsohuwar Ke Magana? Nazari Kan Aikin John Sayles

A zaman da muka yi na karanta gajerun labarai, wani ɗan uwa ya karanto muna nashi. Labarin wata tsohuwa ne a ƙauye, jikanta ya tafi Libiya biɗar kuɗi, shekara uku ba waya ba saƙo. Labarin ya taɓa ni, ba ƙarya. Amma da tsohuwar ta buɗe baki sai ga Faransanci tsab, irin wanda ko mushenmu na lise sai ya yi shiri kafin ya furta shi. Da aka ida karatu na tambaye shi: aboki, wannan tsohuwa da wane harshe take magana? Ya yi dariya ya ce: "Kai ma ka sani, da Hausa mana. Amma in na rubuta da Hausa wa zai buga mini, wa zai saya?"

Ban ba shi amsa ba ranar, don maganarshi tana da gaskiya a ciki. Tambaya biyu ce ya haɗa a wuri guda, ta harshe da ta kuɗi, kuma duk mai rubutu a cikinmu yana ɗauke da su ko ya faɗa ko bai faɗa ba. Shi ya sa na ce bari in kawo muku wani mutum da ya yi shekara sama da talatin yana kokawa da tambayoyin nan biyu a cikin sana'ar silima. Sunanshi John Sayles, Ba'amurke ne, marubucin sinariyo kuma darakta na finafinai masu ƙaramin jari. Ba na nufin in mai da shi waliyyi. Akwai inda ya burge ni, akwai inda ya ba ni haushi, kuma duka biyun zan faɗa.

Kifi da kada

An haifi Sayles a 1950 a garin Schenectady, cikin jihar Niyok. Ya ida jami'a a 1972, kuma ba silima ya karanta ba, ilimin halayyar ɗan Adam ne. Bayan nan ya yi ƴan ayyukan ƙarfi, har da jinyar tsofaffi da aiki a masana'antar nama, yana rubutu a gefe. Littafinshi na farko ya fito a 1975, na biyu mai suna Union Dues a 1977. Ke nan da alƙalami ya fara, kamar mu, kuma kamar mu ya tarar da alƙalami kaɗai ba ya cika tukunya.

Wanda ya buɗe mishi ƙofar silima shi ne Roger Corman, furodusan da ya shahara da yin finafinai masu arha cikin ƴan kwanaki. Corman ya ga yadda fim ɗin Jaws na 1975, mai babban kifin teku, ya kwashi kuɗi, sai ya so nashi kifin. Aka ba Sayles aikin rubuta Piranha, wanda Joe Dante ya ba da umarni, ya fito a 1978. Daga nan sai Alligator a 1980 da The Howling a 1981. Kifi mai cin mutane, kada mai cin mutane, mutane masu rikiɗa su koma kyarkeci. Irin finafinan da muke kallo a fada ana shan shayi, ana ihu, gobe an manta.

To amma ku diba abin da ya cusa a ciki. A Piranha, kifayen ba daga Allah suka faɗo ba. Sojojin Amurka ne suka ƙirƙire su a ɓoye don su zuba a kogunan Biyetnam lokacin yaƙi, yaƙi ya ƙare aka bar su a wani tafki, daga baya suka kuɓuce suka nufi wurin wankan yara da wurin shaƙatawar wani attajiri da ya ƙi rufe kasuwarshi ko da aka gargaɗe shi. A Alligator kuma, ɗan ƙaramin kada ne aka jefa a masai, ya rayu a magudanar ƙazantar birni yana cin gawar karnukan da wani kamfanin magani ya yi gwaji a kansu ya zubar. Ya girma ya zama dodo, ya fara da cin ma'aikata da mutanen unguwar talakawa, ba wanda ya damu sosai, har ranar da ya kutsa bikin aure a gidan mai kamfanin. Mai kallo ya biya kuɗinshi don ya ga jini, ya ga jinin, amma an nuna mishi wa ya haifi dodon da kuma wa dodon ke fara ci.

Wannan shi ne darasi na farko da na ɗauka. Aikin haya bai hana shi tunani ba. An ce mishi ga kifi, ga adadin mutanen da za a cinye, ya yi abin da aka ce, ya kuma yi abin da ba a hana ba.

Rubutu daidai aljihu

Kuɗin da ya tara daga rubuta wa Corman sinariyo bai sai mota da su ba. Ya zuba su a fim ɗinshi na farko a matsayin darakta, Return of the Secaucus 7, wanda ya fito a 1980. Jarin wajen dala dubu 60 ne. Dalar Amurka fa nake nufi, ba dalarmu ta tamma biyar ba, amma ko a haka, a Holiwud wannan kuɗin bai kai na abincin ma'aikatan babban fim ba.

Abin da ya fi jan hankalina shi ne yadda ya yi lissafi kafin ya rubuta. Mu yawanci mukan rubuta abin da ya zo muna a rai, sannan mu zauna muna kukan rashin kayan aiki. Shi ya juya abin. Ya tambayi kanshi mi gare shi: ƴan wasan dandali abokanshi da ba su da suna, gida guda a jihar New Hampshire, ƴan makonni na ɗauka. Ba kuɗin fashe-fashe, ba kuɗin kayan zamanin da, ba kuɗin jan kyamara a kan dogo. Sai ya rubuta labarin abokai bakwai da suka yi gwagwarmaya tare suna ɗalibai, aka taɓa kama su a garin Secaucus a hanyarsu ta zuwa zanga-zanga a Washinton, bayan shekara goma suka sake haɗuwa na kwana biyu zuwa uku. Suna ci, suna wasan ƙwallo, suna gardama, suna auna abin da ya rage daga mafarkinsu. Abu guda da ba a biya mishi kuɗi shi ne magana, sai ya gina fim ɗin a kan magana. Shi ya rubuta, shi ya ba da umarni, shi ya yi montaj, har ya fito a ciki. A 1997 hukumar adana finafinai ta ƙasar Amurka ta sa wannan ɗan fim cikin jerin waɗanda za a adana.

Da ya gwada aiki da babban kamfani, wato Paramount, a fim ɗin Baby It's You na 1983, sai rigima ta tashi a kan montaj, su suna son a yanke shi yadda zai fi sayuwa, shi ya ƙi. Tun daga nan ya riƙe ƙa'ida guda: yana iya rubuta wa kowa sinariyo a biya shi, su yi yadda suka ga dama da shi, amma fim ɗin da zai sa hannu a matsayin darakta, yankan ƙarshe nashi ne. Abokiyar zamanshi Maggie Renzi ita ta riƙe furodusan mafi yawan finafinan, ita ke biɗar kuɗi da tsara aiki. Masu yabon Sayles sukan manta da ita, kuma bai kamata ba.

Baƙon da ba ya magana

Yanzu in shiga fagena, don ni ɗalibin kimiyyar harshe ne, kuma kunnena ya fi idona aiki in ina kallon fim.

A 1984 ya fitar da The Brother from Another Planet. Wani bawa ne ya gudo daga wata duniya, jirginshi ya faɗi a tsibirin Ellis, inda a da ake tantance baƙin da suka shigo Amurka ta teku. Kamanninshi na baƙar fata ne, sai dai yatsun ƙafarshi uku. Ya tsinci kanshi a Harlem, unguwar baƙaƙen fata ta Niyok. Joe Morton ne ya hau rawar, kuma daga farkon fim har ƙarshe bai furta kalma ko guda ba.

Marubucin da aka sani da yawan zance ya ɗauki jarumi bebe. Mi ya sa? Saboda shirun baƙon ya sa kowa ya zuba nashi. Mutanen mashaya, ma'aikacin ofis, matar da ta ba shi ɗaki, ɗan sanda farar fata, kowa ya zauna kusa da shi sai ya hau magana, ya yi tambaya ya ba kanshi amsa, ya tashi yana jin an fahimce shi. A darasin nazarin zance an koya muna cewa ma'ana ba a bakin mai magana kaɗai take ba, mai sauraro ma yana gina ta. Wannan fim ya nuna mini haka fiye da takardun da muka haddace. Kowa yana ganin baƙon daidai da abin da ya riga ya ɗauko a kanshi.

Akwai wuri guda da ba na mantawa. A cikin jirgin ƙasa na ƙarƙashin birni, wani saurayi mai wasan karta ya ce wa baƙon zai yi mishi siddabaru, zai sa fararen fata su ɓace. Jirgin ya tsaya a tasha ta ƙarshe kafin ya miƙe zuwa Harlem, ƙofa ta buɗe, fararen duk suka sauka. Ba a kashe ko tamma a kan dabarar kyamara ba, amma an zana taswirar wariyar birni gaba ɗaya cikin minti guda.

Wa'azin da ya zama zaurance

Fim ɗin da nake ganin ya fi kowanne shi ne Matewan na 1987. Tushenshi abu ne da ya faru. A garin Matewan, cikin Birjiniya ta Yamma, masu haƙar gawayin ƙasa sun nemi shiga sandika. Kamfani ya ɗauko ƴan bindigar haya na Baldwin-Felts su fitar da iyalai daga gidajen kamfani. Ranar 19 ga Mayu 1920 aka yi musayar wuta a tsakiyar gari, mutum goma suka mutu, bakwai daga ƴan hayar, biyu daga ma'aikata, da magajin gari Cabell Testerman. Shugaban ƴan sandan garin, Sid Hatfield, wanda ya tsaya wa ma'aikata, an harbe shi a 1921 a kan matakalar kotu.

Sayles ya ɗauki wannan tarihi ya mai da shi labarin harsuna. Ma'aikatan kashi uku ne: fararen fata ƴan tsaunuka masu karin harshensu na ƙauye, baƙaƙen fata da aka kwaso daga Alabama, da ƴan Italiya sabbin zuwa da Ingilishinsu bai nuna ba. Kamfani ya kawo kashi biyun ƙarshe ne don su karya yajin aikin na farko, yana dogaro da cewa mutanen da ba sa jin juna ba za su haɗa kai ba. Sayles bai goge bambancin ba don sauƙin mai kallo. Ɗan Italiya yana Italiyanci, ɗan tsauni yana maganar tsauni, James Earl Jones a rawar Few Clothes yana maganar kudu. Haɗin kan yana zuwa a hankali, da gardama da zargi, har wani dare a sansanin ƴan yaji inda kayan kiɗan ɓangarorin uku, kowane daga tantinshi, suka fara bin sauti guda kafin masu su su yarda da juna.

Amma ga wurin da ya sa na tsai da fim ɗin na mai da shi baya har sau uku. Akwai ɗan leƙen asirin kamfani a cikin ƴan sandika. Ya ƙulla wa Joe Kenehan, baƙon da ya zo haɗa kan ma'aikata, sharri ta hanyar wata mace, har ma'aikata suka yanke shawarar kashe shi a daren. Wani yaro matashi mai wa'azi a coci, Danny, ya ji gaskiyar maganar, amma ƴan bindigar kamfani sun gane ya ji, suna zaune a cikin taron suna kallonshi. In ya faɗa a fili ya mutu. Sai ya hau mumbari ya ɗauko ƙissar Annabi Yusuf da matar ubangidanshi, wadda ku duka kun sani, ya ba da ita, amma ya karkatar da ƙarshenta da gangan, ya sa aka kashe marar laifi a kan ƙaryar mace. Ƴan bindigar, da suke a buge kuma ba su damu da littafi ba, suna ta dariya. Mutanen gari kuwa, da suka san ƙissar tun suna yara, suka ji an taɓa ta inda ba a taɓawa, suka gane saƙon, aka ruga aka tsai da kisan.

Wannan ai zaurance ne, ko in ce habaici mai ceton rai. Saƙo guda, masu sauraro iri biyu, kuma abin da ya raba su shi ne sanin da suka taso da shi. Kakanninmu sun yi irinshi a gaban kumandan. Marubucin da ya iya gina kololuwar fim ɗinshi a kan wannan, ba a kan harsashi ba, ya san mi harshe ke yi a cikin al'umma.

Iyaka, likita da tafinta

A Lone Star na 1996, wanda ya sa aka tsai da shi takarar Oscar ta rubutun sinariyo karo na biyu bayan Passion Fish na 1992, labarin yana wani gari a iyakar Teksas da Meksiko. An tono ƙasusuwan wani tsohon sherif azzalumi, sherif na yanzu yana bincike yana tsoron kada ya tarar da hannun mahaifinshi a ciki. Cikin mutanen fim ɗin akwai Mercedes, mai gidan abinci, wadda ke tsawata wa ma'aikatanta in sun yi Sifaniyanci, tana cewa su yi Ingilishi tunda a Amurka suke, har takan kira ƴan sintirin iyaka in ta hangi masu tsallakowa. Can gaba sai a nuna muna ita ma da ƙafarta ta ratso kogin cikin dare tana budurwa. Ba sai na ce muku komi ba a nan. Kowa a cikinmu ya san wani da ya hana yaranshi Hausa ko Zabarmanci a gida, kuma in ka bi sawu sai ka tarar da wani tsohon ciwo ne yake rufewa.

A 1997 Sayles ya yi abin da ƴan kasuwar silima na ƙasarshi ke ɗauka hauka ne. Ya yi Men with Guns kusan gaba ɗaya da Sifaniyanci da harsunan ƴan asalin yankin, irin su Nahuwatal da Tsotsil da Kuna, a Meksiko aka ɗauke shi, mai kallo Ba'amurke sai dai ya bi fassarar da ake rubutawa a ƙasan hoto. Federico Luppi, ɗan Ajantina, shi ne Dokta Fuentes, likitan masu kuɗi a babban birni, wanda ya taɓa horar da ɗalibai ya tura su ƙauyuka, yana alfahari da haka. Da ya tsufa ya ce bari ya je ya gan su. Ƙauye bayan ƙauye sai ya tarar an kashe su. Yadda yake nisa da birni, haka Sifaniyancinshi ke rage amfani, har ya koma sai wani yaro marayan hanya ya yi mishi jagora. Mutanen ƙauye kuwa ba su bambanta soja da ɗan tawaye, duka suna guda suke ba su, masu bindiga. Jahilcin likitan na harshe da jahilcinshi na abin da ke faruwa a ƙasarshi abu guda ne. Bai ji ba don bai taɓa koyon yadda zai ji ba, kuma rashin jin ya yi mishi daɗi shekara da shekaru.

Sai Amigo na 2010, a kan yaƙin da Amurka ta yi a Filifin wajen 1900. Mai garin wani ƙauye, wanda Joel Torre ya hau, ya shiga tsaka mai wuya: sojojin Amurka sun sauka a garinshi, ɗan uwanshi kuma yana daji tare da masu yaƙar su. Sojoji na Ingilishi, gari na Tagalog, kuma wanda ke tsakani yana fassara shi ne limamin coci ɗan Sifaniya, mai tsohuwar ƙullalliya da mai garin. Mu masu karanta fassarar ƙasan hoto muna ganin inda yake murɗa magana, su waɗanda ke cikin labarin ba su gani. Duk wanda ya karanta littafin Amadou Hampâté Bâ a kan Wangrin, ko ya ji labarin tafintocin zamanin Faransawa daga bakin tsofaffi, ya san wannan kujera da irin ƙarfin da ke gare ta. A ƙarshe an rataye mai garin, alhali an riga an yi afuwa, saboda wayar tangarahon da za ta kawo saƙon ƴan tawaye sun yanke ta.

Inda ya gaza

To, yabo ya isa haka. Ga abin da nake riƙe da shi a kanshi.

Na farko, Sayles yana da wa'azi. Sau da yawa mutanenshi ba mutane ba ne, wakilai ne. Wannan ya tsaya wa ma'aikata, wancan ya tsaya wa jari, waccan ta tsaya wa baƙi, kowa ya zo ya faɗi matsayin ƙungiyarshi ya koma. Joe Kenehan na Matewan kusan ba shi da aibi, ƴan bindigar kuma ba su da ko ɗigon alheri. A Silver City na 2004, inda Chris Cooper ya kwaikwayi ɗan siyasa mai kama da George Bush ƙarami, fushin marubucin ya fi labarin ƙarfi, sai fim ɗin ya koma kamar takardar zanga-zanga mai tsawon awa biyu. Ko mai yarda da ra'ayinshi sai ya gaji.

Na biyu, idonshi bai kai kunnenshi ba. In ka cire Matewan, wanda Haskell Wexler ya ɗauka har aka tsai da shi takarar Oscar, da Lone Star inda kyamara ke zamewa daga yau ta shiga jiya ba tare da an yanke ba, da yawa daga finafinanshi kana iya rufe ido ka saurare su kamar wasan rediyo ba ka yi asara mai yawa ba. Rashin kuɗi ya koya mishi dogaro da magana, amma abin da ya fara a matsayin dabara ya zame mishi ɗabi'a.

Na uku shi ne ya fi damuna a matsayina na ɗalibin harshe, kuma a fim ɗin da na fi yabo ta wannan fanni yake. A Men with Guns ƙasar ba ta da suna. Don ya gina ta, ya kwaso harsunan da ba su zaune wuri guda: Nahuwatal da Tsotsil na Meksiko ne, Kuna kuwa can wajen Panama da Kolombiya ake yin shi, kuma ba dangi guda ba ne. Ga kunnen Ba'amurke duka "yaren ƙauye" ne, ba zai ji bambanci ba. Ku ɗauka wani ya yi fim a kan "wata ƙasa a Afirka", ƙauye na farko na Hausa, na biyu na Wolof, na uku na Zulu, ya ce ai duk ɗaya ne. Za mu ce ya girmama mu, ko za mu ce ya mai da harsunanmu kayan ado? Na gane niyyarshi, yana so ya ce abin ya faru a wurare da yawa. Amma kisan da aka yi wa mutane a Gwatamala yana da suna, da shekara, da harshen waɗanda aka kashe. Wanda ya zargi likita da rashin sauraro ya kamata shi ma ya saurara har ƙarshe.

Na huɗu, wa ke kallo? Fassarar ƙasan hoto ta mai karatu ce. Mutanen da aka ba su baki a cikin fim ɗin, yawancinsu ba su ne ke zaune a zauren silima ba. Wannan ba laifin Sayles kaɗai ba ne, amma kada mu ruɗi kanmu cewa sa harshen talaka a fim daidai yake da kai mishi fim ɗin.

Sannan ita kanta dabarar kuɗin tana da iyaka. Ƴancinshi ya rataya ne a kan albashin Holiwud da kuma kasuwar da ke sayen ƙananan finafinai. Da kasuwar ta tsuke, sai ya koma zuba kuɗin aljihunshi, kuma bayan Go for Sisters na 2013 shekaru suka yi ta wucewa ba sabon dogon fim daga gare shi. Ya koma inda ya fara, wato rubuta littattafai, irin su Yellow Earth na 2020. Mutumin da ya ba da umarnin dogayen finafinai 18 ya rasa mai zuba jari a na gaba. Duk mai ce muku ƙwazo kaɗai ya isa, ku ba shi wannan labari.

Komawa ga tsohuwar

Ban kawo Sayles don in ce mu kwaikwayi Ba'amurke ba. Tun a 1972 Oumarou Ganda ya ci babbar kyautar FESPACO ta farko da Le Wazzou polygame, mutanen cikinshi suna magana da harshen gida, kuma ba da jarin kirki ya yi shi ba. Hanyar ba baƙuwa ba ce a wurinmu. Abin da Sayles ya ƙara mini shi ne lissafi a fili: ka raba aikin ci da aikin rai, ka yi na farko da gaskiya ba tare da raina shi ba, ka ƙirga abin da ke hannunka kafin ka ɗora alƙalami, kuma in ka zo kan aikin ranka kada ka sayar da yankan ƙarshe.

Ga ɗan uwana mai labarin tsohuwa, ga amsar da ban ba ka ba ranar. Ka rubuta rahoton ƙungiyoyi da Faransanci a biya ka, ka yi fassara, ka koyar a lakwal mai zaman kanta, ba abin kunya a ciki, kifinka da kadanka ke nan. Amma wannan ɗan littafi da muke haɗa kuɗin fotokwafinshi da kanmu, ba Paramount a kanmu, ba mai ce muna a yanke nan. Jarinmu bai kai ko na shayin Sayles ba, amma yankan ƙarshe namu ne. In a nan ma tsohuwar ba ta samu ta yi magana da bakinta ba, to ba kasuwa ce ta hana ta ba, mu ne.

Ka sake rubuta wurin da take tsaye bakin tasha tana tambayar direbobin Agadas ko sun ga jikanta. Ka bar direban ya amsa mata da irin Hausar tasha, ɗan sandan ya jefa mata Faransancin da ba ta ji, ita kuma ta faɗi abin da za ta faɗa yadda kakarka za ta faɗe shi. Ka kawo muna a zama mai zuwa, ni zan fara karantawa.